Garma ta karye: mai walda, maƙeri ko sabon ƙarfe?

Garma ba ta karyewa da rani, lokacin da take jingine a zaure babu mai nemanta. Sai ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, an ɗaura wa shanu karkiya, masu gonaki suna layi a yi musu huɗa, sannan za ka ji ƙas! a tsakiyar kunya. Mai tarakta ma haka: haro, wato jeren fayafayan ƙarfen nan da ke farfasa ƙasa, ya yi watanni a ajiye lafiya lau, ranar da aka karɓi kuɗin mutane ranar faifai zai tsage. A irin wannan hali babu mai tsayawa dogon tunani. Ɗaura ƙarfen ake yi a bayan babur a nufi mai walda mafi kusa. Wani ya dace, gyaran ya riƙe shekaru. Wani kuma kafin azahar ya dawo da ƙarfen a hannu, ya sake ɓallewa daidai gefen inda aka liƙa, sai ya hau zagin mai walda.

Sau da yawa mai waldar ba shi da laifi, ko kuma laifinsa ɗaya ne: ya karɓi aikin da ya kamata ya ƙi. Hanyoyin gyara huɗu ne a gaban manomi. Akwai waldar lantarki, akwai waldar gas wadda ake liƙi da tagulla, akwai maƙera, akwai kuma a kwance noti a sa sabon ƙarfe. Kowace da inda take aiki, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne irin ƙarfen da ya karye da irin aikin da yake yi a jikin garmar.

Garmar shanu guda ɗaya ba ƙarfe iri ɗaya ba ce. Ɗauki irin wadda aka fi sani a arewacin Najeriya, samfurin Emcot, wadda kamfanin Ransomes na Ingila ya fara kawowa, daga baya John Holt ya riƙa ƙera ta a Zariya, yanzu kuma masu walda da maƙera suna kwaikwayonta a kusan kowane babban gari. Doguwar sandar da sarƙa ke ja, da ƙotocin da mai huɗa ke riƙewa, da ƙafar tayar gaba, duk ƙarfe ne mai laushi, wanda sinadarin kabon da ke cikinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba. Bakin da ke tsaga ƙasa kuwa ƙarfe ne mai tauri. In na maƙeri ne, yawanci daga sifirin mota aka buga shi, shi kuma kabon ɗinsa ya kai kusan kashi 0.6. Sai na uku, ƙarfen zubi, wanda masu walda ke kira kas, mai kabon daga kashi 2 zuwa 4. Shi ake samu a wasu tayoyi, da wasu sassan tsofaffin garemani na kamfani, da gidan boris na garmar tarakta, da kuma ƙarafunan da ke raba tsakanin fayafayan haro.

Gane su ba wuya, in dai akwai giranda a shagon. A ce wa yaron shago ya ɗan goga gefen ƙarfen, ka tsaya a inuwa ka kalli tartsatsin. Ƙarfe mai laushi yana fitar da dogayen zare masu ruwan ɗorawa, suna tafiya nesa kafin su mutu. Ƙarfe mai tauri tartsatsinsa fari ne mai yawa, kowane zare yana fashewa ya yi rassa a ƙarshe. Kas kuwa gajere ne, ja-ja, ba ya nisa da dutsen. Wurin karayar ma yana faɗa maka: ƙarfe mai laushi sai ya lanƙwashe ya miƙe kafin ya yage, kas kuwa ɓallewa yake yi ɗaf, fuskar karayar toka-toka mai tsakuwa-tsakuwa, in ka goga yatsa ya bar maka baƙi. Mai waldar da ya karɓi ƙarfenka ya kunna inji bai duba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka yi hattara da shi.

In sanda ce ko ƙota ko firam ɗin haro ya karye, babu wata muhawara, waldar lantarki ce. Ta fi araha, ta fi sauri, kuma in an yi ta yadda ya kamata wurin liƙin ba ya kasa ragowar ƙarfen ƙarfi. Sandar walda ta yau da kullum, 6013, wadda ake sayarwa a kowane shago da geji 12 ko geji 10, ta wadatar ga ƙotar garma da sandarta. Geji 12 kusan milimita 2.5 ne, na ƙarfe marar kauri. Geji 10 kusan milimita 3.2, shi ne na sandar garma. Abin da ke ɓata wannan aiki mai sauƙi abu biyu ne. Na farko, rashin buɗe bakin karayar. Ƙarfe mai kauri ba a haɗa shi baki da baki a shafa walda a sama. Sai an gurza gefen biyu sun yi kwari, an share tsatsa da fenti da busasshiyar laka, a cike kwarin tun daga gindi, a kankare ɓawon kowane layi kafin a ɗora wani. Na biyu, ƙarancin wuta. Geji 10 yana son wajen amfiya 90 zuwa 130. In janaretan shagon ƙarami ne, ko wutar gari ta zo rabi-rabi, waldar ba ta nutsewa cikin ƙarfen, sai ta taru a sama dunƙule-dunƙule kamar kashin kaji. Daga nesa ka ga an zuba ƙarfe da yawa, ka yi murna. Guduma ɗaya za ta ɓamɓare shi.

Firam ɗin haro da wurin da garma ke rataye a bayan tarakta sun fi ƙarfin 6013. Wuri ne da ke shan jijjiga da fizga duk yini, don haka 7018 ake nema masa, mai ƙarfin ja fiye da ta farkon, mai kuma jure girgiza. Sai dai tana da sharuɗɗanta. Ba ta son danshi ko kaɗan, kuma lokacin da aka fi buƙatarta shi ne damina. Kwalin da aka buɗe aka bar shi a ƙasan shago mako guda yana shan raɓa ya tashi daga aiki har sai an gasa shi. In aka yi walda da shi haka, za ta fito da ƙananan ramuka, ta tsage daga ciki bayan an bar shagon. Ƙananan injinan walda na naɗin gida kuma da ƙyar suke tayar da ita. Saboda haka in firam ɗin tarakta ne, gara a sha wahalar kai shi babban shago, irin na Panteka a Kaduna ko na wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ko wanda ya yi kama da su a garinku, da a bar shi a hannun mai haɗa ƙofa da taga. Ba raini ba ne, kayan aikin ne ba ɗaya ba.

Akwai wata al'ada ta ɗora faci a kan karaya, a liƙe shi ta kowane gefe huɗu, a ce an ƙara ƙarfi. Facin yana da amfani, amma layin waldar da ya ratsa sandar a kwance, daga gefe zuwa gefe, shi ne wurin karaya ta gaba. A yanka facin ya wuce karayar sosai ta kowane ɓangare, bakinsa ya yi tsini ko ya zagaye, a bi shi da walda ta tsawonsa. Kuma kafin a liƙe gaba ɗaya, a ɗan ɗiga a wuri biyu ko uku, a ajiye garmar a ƙasa mai daidai, a tsaya ta baya a hango. Zafin walda yana jan ƙarfe. Sandar da ta karkace da faɗin yatsa ɗaya za ta sa garma ta riƙa cin gefe, kunya ta fito a karkace, mai riƙo ya yini yana kokawa da ƙota, sa ɗaya kuma ya fi ɗan'uwansa shan nauyi har karkiya ta ci masa wuya.

Kas shi ne inda ake asarar kuɗi da zumunci. Za ka ji manomi na cewa, "Malam, ɗan taɓa min nan kawai, sauri nake yi." Mai walda na kirki zai juya ƙarfen ya ce, "Alhaji, wannan kas ne. In na sa masa wannan sandar, ba zai kai gona ba." Gaskiya ya faɗa. Sandar ƙarfe ta yau da kullum tana narkar da kas, ta kwashi kabon ɗinsa, wurin ya huce da sauri ya zama mai tauri marar lanƙwasa ko kaɗan. Wani lokaci tun ƙarfen yana hannu za ka ji ƙaramar ƙara, tik, tsaga ta bi gefen waldar.

Hanya biyu ce ke riƙe kas. Ta farko sandar nikel, wadda masu shago ke kira sandar kas. Tana da tsada ƙwarai, shi ya sa ake sayar da ita ɗai-ɗai, kuma aikinta na haƙuri ne: a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a gurza kwari, a ɗumama ƙarfen gaba ɗaya, a yi walda gajeriya wadda ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba, a bi ta da ƙaramar guduma tun tana da zafi, a dakata, a koma wani wuri. In an gama a binne ƙarfen cikin toka ko busasshen yashi ya kwana. Wanda ya watsa masa ruwa don ka samu ka tafi da wuri ya kashe aikin da hannunsa. Ta biyu ita ce waldar gas da tagulla, wadda masu gyaran jikin mota da masu gyaran lagireto suka fi iyawa. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, kas kuwa sai wajen 1,200, don haka ƙarfen kansa ba ya narkewa. Ja kawai yake yi, tagullar ta bi shi ta kama. Tunda bai narke ba, wancan tauri mai kawo tsagewa ba ya samuwa sosai. A ganina, ga ƙaramin abu irin kunnen tayar garma ko ƙafar da ta ɓalle a jikin wani murfi, tagulla ta fi nikel sauƙin kuɗi da sauƙin samun wanda ya iya. Ga ƙarfe mai kauri wanda harshen gas ba zai iya gasa shi ya yi ja ba, nikel ce.

Amma akwai kas ɗin da ko an iya liƙa shi bai kamata a liƙa ba. Gidan boris na garmar tarakta in ya tsage ta cikin ramin da boris ke zama, zafi zai ɓata zagayen ramin, boris ya zauna a karkace, giris ya tsiyaye, ƙasa ta shiga. Ka biya kuɗin nikel, ka biya kuɗin sabon boris, bayan kwanaki ka sake biyan na wani boris ɗin, daga ƙarshe ka sayi gidan da ka guje wa saye tun farko. Kas ɗin da ya sha mai da giris shekara da shekaru ma ba ya karɓar walda da kyau, man yana tafasowa daga cikinsa. Nan sabo, ko tsohon da aka ciro daga wata garmar da ta mutu, shi ne mai araha.

Bakin garma kuwa ba kasafai yake karyewa ba, cinyewa yake yi. Wanda ke noma a jigawa, irin ƙasar rairayi ta arewacin Kano da Katsina da Daura har zuwa Maraɗi da Damagaram, ya san yashi yana lashe baki a hankali har ya koma guntu, garma ta daina nutsewa sai an danne ta. Na fadama da ƙasar laka ya fi fama da lanƙwashewa, na sabon saran daji kuma kututture da marmara ne ke ɓalle masa tsini. In baki ya dakushe amma da sauran nama a jikinsa, maƙeri ya fi mai walda. Zai sa shi a wuta, a hura zugazugi, ya ɗora a uwar maƙera ya koɗa shi, ya jawo ƙarfen daga baya zuwa gaba, ya mayar masa da tsininsa da ɗan sunkuyon nan da ke sa garma ta nutse da kanta. Wannan sunkuyo shi ne ran bakin, kuma maƙerin da ya saba da garemanin yankinsa ya san shi da ido. Daga nan ya tsoma shi ya dawo masa da tauri. A nan ake bambance maƙeri da maƙeri: wanda ya tsoma jan sifirin cikin ruwan sanyi kai tsaye ya bar shi haka, baki zai yi tauri har ya wuce kima, dutse na farko ya fasa shi. Wanda ya sani da baƙin mai yake tsomawa, ya kuma ɗan mayar da shi kusa da wuta ya sassauta.

Mai walda ma yana gyaran baki, ta hanyar yanko guntun sifirin ya liƙa a gaba. Ana yi, kuma yana fitar da mutum kunya a tsakiyar aiki. Sharaɗin shi ne a ɗumama ƙarfen biyu kafin a fara, kamar digiri 200 zuwa 300, a yi da 7018 ko sandar silba, wato ta ƙarfen da ba ya tsatsa, irin 312 in akwai, a bar shi ya huce a toka. Da 6013 a kan sanyin ƙarfe, yawanci ba ya wuce 'yan kunyoyi. Akwai kuma sandar ƙarin tauri, wadda ake shafawa a gefen da ƙasa ke goga don baki ya daɗe. Tana da amfani sosai a ƙasar yashi, amma a kan baki mai lafiya ake sa ta tun kafin ya cinye, kuma layi ɗaya ko biyu, ba a tula ta. Ba ta haɗa karaya, domin ita kanta mai tsagewa ce. Da yake bakin garmar shanu da noti aka ɗaure shi, kuma ana samun na maƙera a kasuwannin ƙauye ranar kasuwa, ni dai ban ga dalilin dogon gyara a kansa ba in ya cinye ya wuce rabi. A sayi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a buhu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu, kafin kowa ya tuna da garmarsa, maƙeri yana da lokacinka, mai walda ma zai bari kas ɗinka ya kwana a toka ba tare da kana tsaye a kansa ba.

Faifan haro da na garmar tarakta sun fi kowane sashe jawo gardama, saboda sabo yana da tsada kuma ana ganin tsagar ƙarama ce. Faifan an gasa shi an tsoma a masana'anta, ga shi ba kauri, ga shi a lanƙwashe. Walda tana sassauta taurinsa a wani wuri ta ƙara shi a wani, kuma tana iya murɗa shi ya riƙa rawa in yana juyawa, rawar kuma boris ne ke biyan kuɗinta. In tsagar gajeriya ce daga bakin faifan, ana iya huda ƙarshenta, a ɗumama, a liƙe da 312 ko 7018, a lallaɓa a ƙarasa damina. In tsagar ta taso daga ramin tsakiyar faifan haro ne, inda shaf, wato doguwar sandar da aka jera fayafayan a kanta, ke ratsawa, a cire shi kawai. Irin wannan tsaga tana nuna notin da ke ƙarshen shaf ɗin ya saki, fayafayan suna wasa, ramin mai kusurwa huɗu ya fara zama zagaye. In ba a ɗaure notin nan tamau ba, sabon faifan ma haka zai bi. Tsohon kuma ba asara ba ne, maƙera da masu tuya sun san abin da za su yi da shi.

Wasu kayan aikin tarakta akwai wani ƙaramin noti da aka sa musu da gangan don shi ya fara tsinkewa in an daki kututture. Direba ya gaji da canzawa sai ya sa a liƙe wurin, ko ya nemo noti mai tauri ya sa. Karo na gaba notin ba zai tsinke ba, firam ne zai tsage ko hannun ɗaga garma na taraktar ya lanƙwashe. A sayi irin notin da yawa a zuba a akwatin kayan aiki.

In dole sai an yi walda garmar tana rataye a jikin tarakta, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin waldar kusa da wurin aikin, a kan ƙarfen da ake liƙawa. In aka maƙala ta can nesa, wutar za ta ratsa ta cikin boris ta yi masa ƙananan ƙonuwa, ya fara kuka bayan kwana biyu ba a san dalili ba. Rim kuwa, na tarakta ne ko na tirela ko na amalanke, kada a kusance shi da walda taya tana jiki, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fitar da gas a ciki, tayar ta fashe, kuma hakan yana kashe mutane. A kwance taya gaba ɗaya tukuna.

Kafin ka biya, sa a kankare ɓawon waldar duka ka gani da idonka. Layi mai kyau a kwance yake, ya narke ya shige gefe biyu, babu ramuka, babu kwarin da wuta ta ci a gefensa. Kada ka yarda a shafa fenti kafin ka duba. In ƙarfe mai laushi ne, karɓi guduma ka ba shi biyu masu kyau a gaban mai shagon. In zai saki gara ya saki a nan. Kas ba a gwada shi da guduma, sai dai a goge wurin a zuba ɗan kananzir, a share, a shafa alli, a jira kaɗan: in akwai tsagar da ido bai gani ba, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. A gona kuma a fara da wuri mai taushi, a yi kunya biyar ko shida a tsaya a duba liƙin, a sake ɗaure duk notin da aka kwance.